Ni Na Buga Ƙarfen, Rabe

Zuwa ga ƙanena Rabe, a duk ƙasar da tayar mashin ɗinka ta tsaya yau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda aka koya mana a zauren Baba, ina fatan kana lafiya, kai da abokan tafiyarka, da hannun nan naka na dama. Inna tana gaishe ka. Hajara da yara suna gaishe ka. Ni ma ina gaishe ka, ko da ba ka amsawa.

Na rubuto maka a bainar jama'a ne don ba ka bar mani wata ƙofa ba. Shekara huɗu ke nan ka toshe lambata, ka toshe ta matata Hajara, har ta liman ka toshe, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma na san kana leƙa shafin nan, tunda nan kake zuba hotunanka. Ku kuma masu karantawa ku yi haƙuri, ba zan faɗi sunan garinmu ba. Ƙauye ne bayan Ruma, a ƙasar Batsari, dab da bakin daji. Wanda ya sani ya sani.

Inna ba ta da lafiya, Rabe. Tun bayan babbar sallah ƙafafunta suka kumbura, ta bar cin tuwo, sai kunu, shi ma sai an yi da gaske. Mun kai ta asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce mu mayar da ita gida mu yi ta lallaɓawa. Kai ba yaro ba ne, ka san abin da wannan maganar take nufi. Ina so ka zo ka same ta da ranta. Amma na san ba za ka zo ba sai na gaya maka abin da na ɓoye maka, don haka ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna abin da Baba yake cewa in ya gan mu a gindin tsohon mashin ɗinsa? Wai Allah ya raba mana gado tun yana da rai: Sada ya samu kunne, Rabe ya samu ƙafa. Gaskiyarsa. Ni in mashin ya taho daga bayan makaranta, kafin ya iso na san fulogi ne ko kafireto, na san ko sarƙa ce ta saki. Kai ko ba ruwanka da ciwon inji, kai dai a ba ka hanya. Ni na koya maka sa giya, ka kai mu cikin ƙayar gonar Malam Audu, muka kwana biyu Inna tana cire mana ƙaya tana zagi. Har yau akwai tabon a gwiwata, in ka zo in nuna maka.

Ƙafar ta kai ka Kano, ta kai ka Abuja, ta kai ka inda ban san sunansa ba. Kunnen ya zaunar da ni a gareji a kasuwar Batsari. Ranar da ka fara turo hoton ƙaton baƙin mashin ɗin nan, mai faɗin taya, kujera ƙasa-ƙasa, ka miƙe ƙafafu gaba kamar mai shan iska a tabarma, sai da na zagaya da wayar duk rumfunan kanikawa. Na nuna wa mahauta, na nuna wa masu faci. Na ce ƙanena ne, da wannan ya je Agadas, da shi zai je Dakar. Da ka turo na filin tseren nan, inda kuke kwantar da mashin a kwana har gwiwa ta kusa shafar kwalta, na ce wannan kam hauka ne, amma sai da na kalla sau goma. Ban taɓa gaya maka ba, girman kai irin na yayye ya hana ni.

Sannan ɓarayin daji suka matsa mana. Kai kana jin labari a waya, mu muna jinsa a kunne. A nan ƙarar mashin ta daina zama ƙarar mashin. Mace tana daka, in ta ji inji biyu tare sai ta tsaya da taɓarya a sama. Dattawa suka zauna suka ce tunda Allah ya ba Sada kunne, a yi amfani da shi. Aka rataya tsohon wilin mota a tsamiyar kan dutse, aka ce in rinƙa zama can duk ranar da ba kasuwa. In na ji su, in buga da sifana, mata da yara su shige dawa, maza su kama bakin ramin da muka haƙa a mashigar yamma.

Kuma na san su, wallahi na san su. Ƙananan mashina ne irin na 'yan kabu-kabu, sababbi ful, mutum uku-uku a kai, injin yana kuka da siririyar murya saboda nauyi. Ba sa sassauta totur a rami, don ba su suka sha wahalar sayensu ba. Sau huɗu ina bugawa, sau huɗu suna zuwa su tarar da gari wayam, su kwashi abin da suka kwasa su koma. Har na fara jin kaina.

Ranar da muka rasa Baba, da kaka ne, bayan la'asar, a shekarar da aka katse layukan waya. Na ji su daga yamma, sun fi ashirin. Na ɗaga sifana. Sai na ji ham, pim-pim-pim, ana ta matsawa ba kai ba gindi, har da guɗa. Na ko san ana ɗaurin aure a wani ƙauye wajen Darini ranar. Na ce a raina 'yan rakiyar amarya ne, kada in tarwatsa gari a banza mutane suna tsakar ɗaurin dawa. Na sauke hannuna. Ashe sun gano akwai mai saurare a kan dutse, suka yi mani wasan biki.

Kafin in gane, sun wuce ramin. Daga sama nake kallo, ba abin da ya ɓace mani. Sun harbi Malam Audu a ƙofar masallaci da buta a hannunsa. Sun kama Mamman makiyayi, suka kwantar da shi a gaban shanunsa suka yanka shi, shanun suna ta kuka suna ja da baya. Sun zuba fetur a rumbuna, dawar shekara guda tana ci tana fashewa. Hajara da cikin wata takwas ta yi rarrafe cikin karan dawa har fatar gwiwoyinta ta sale. Ni ina kan dutse ina dukan ƙarfe kamar mahaukaci, bayan dukan ba ya da sauran amfani.

Baba na same shi a bakin gona, rub da ciki a kan damin da ya ɗauko. Harsashi ya shiga ta baya ya fita ta ƙirji. Hularsa tana gefe, ko ƙura ba ta yi ba. Damin ya jiƙe sharkaf da jini, sai tare da ƙasar wurin muka binne damin, don ba mai iya cin wannan dawar. Da na juya shi, bakinsa a buɗe yake, ban sani ba ko salati yake ko sunana yake kira.

Kai kana Ankara ta Gana a lokacin, a bakin teku. Sai bayan kwana tara labari ya same ka. Ba laifinka ba ne, na sani, amma na ji haushinka, Rabe, na ji haushinka ƙwarai. Na ce ga shi can yana ɗaukar hoto da ruwa, ni ina nan ina wanke jinin ubanmu daga farcena. A bakin kabarin Baba na rantse, ko ƙudan zuma na ji sun taho daga yamma da yawa, sai na buga. In an yi gudun banza, a yi.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba. Bayan ranar, matasan gari suka haɗa bindigogin toka, amma ba abin ɗurawa. Suka zo garejina. Ni na tattaro tsofaffin boris na tayoyin mashin, na farfasa su da guduma, na cika gwangwanayen madara da ƙwayayen ƙarfen nan na ba su. Na ce su ɗura da yawa, kada su yi rowa.

Wata biyu bayan haka ka taho ta'aziyya, kai da abokanka shida. Har lokacin ba waya. Ka ba wani direba saƙo a tashar Katsina cewa kuna tafe ranar Asabar, a gaya wa gari. Ka yi abin da ya kamata. Saƙon bai iso hannuna ba sai ranar Talata, kwana uku bayan zuwanku, takarda a ninke, ta sha maiƙo a aljihun direba. Tana nan a cikin akwatina.

Kun biyo ta Safana. Maimakon ku shigo ta gabas kamar kowa, sai ka ce a zagaya ta yamma, ta gonar Baba, don ka tsaya inda ya faɗi ka yi masa addu'a. Haba Rabe! Ta yamma? Mashin bakwai, baƙaƙen riguna, baƙaƙen hulunan kwano, fuska a rufe, wata biyu da binne mutanenmu? Shekara huɗu ina so in yi maka wannan tsawar. Na yi ta yanzu, na huta. Amma ba don in ɗora maka na rubuto ba, ɗa ba ya neman izini kafin ya je inda ubansa ya faɗi.

Ina kan dutse, hantsi ya ɗaga. Na ji ku tun kuna bayan rafi. Tau, ga maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hajara, sai Inna. Kunnena bai ruɗe ba. Ƙarar da na ji mai kauri ce, a hankali, dum-dum, dum-dum, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Na ji kuna sassautawa a rami, kuna lallaɓa injin kamar masu jin tausayinsa. Ba nauyin mutum uku a kai. Duk abin da na sani a duniya ya gaya mani waɗannan ba su ba ne. Har wani abu ya ɗarsu a raina ya ce, irin na Rabe.

Sai na ga hular Baba a gefen gona. Ba a ido ba, a zuci. Na ce wancan karon sun zo da guɗa, wannan karon sun samo manyan mashina. Kunnena ya gaya mani gaskiya, hannuna ya ƙi ji. Na buga, Rabe. Ni na buga ƙarfen. Na buga da duk ƙarfina, ban tsaya ba har sifanar ta ɗauki zafi.

Sauran kai ka fi ni sani, amma bari in faɗa don masu karatu su san nauyin abin. Gari ya watse. Aka tattake tsohuwa Gwamma a lungun masallaci, ƙugunta ya karye, ba ta sake tafiya ba. Matasa suka kwanta bayan tudun rami da bindigogi. Kai ka tsaya a gona kana shafa addu'a, sai abokinka Bulus, mutumin Kaduna, wanda kuka ratsa hamada tare, ya wuce gaba a hankali. Shi ya fara isa mashiga. Har ya ɗaga hannu yana gaisuwa.

Bindiga huɗu suka tashi tare. Na ga ya yi baya kamar an fizge shi da igiya, mashin ɗin ya ci gaba shi kaɗai ya faɗa rami, tanki ya fashe, wuta ta kama. Abokanka suka zubar da mashina suka kwanta a ƙasa suna ihu da Turanci, wanda ya ƙara tabbatar wa mutane cewa baƙin mugaye ne. Matasa suka fito da adduna da gora. Ka taho da gudu kana ƙoƙarin cire hular kwano, igiyarta ta maƙale a haɓarka. Ka ɗaga hannu ka kare kanka, adda ta sauka, yatsunka biyu suka faɗi cikin ƙasa. Wanda ya sare ka ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, ɓarayi sun kashe shi bara a hanyar Yasore.

Muryarka ce ta cece ku. Har kan dutse na ji ta: ni ne Rabe ɗan Malam Isa! Inna ta fito daga cikin dawa ba ɗankwali, ta ratsa maza da addunansu ta faɗa kanka ta rufe ka da jikinta. Daga nan ba ka jin komai sai ƙarar wutar da ke cin mashin ɗin Bulus.

Na sauko da gudu. Na tarar ka rungume shi da hannun da ke zubar da jini, kana kiran sunansa. Wuyansa da ƙirjinsa duk huda ne. Da muka yage rigar don mu toshe, wata ƙwayar ƙarfe ta gangaro ta faɗo a tafina, mulmulalliya, da ɗuminta. Na san ta. Ni na fasa boris ɗin da ta fito daga ciki. Bulus bai kai Batsari ba, a bayan a-kori-kura ya cika, kansa a cinyarka. Baba Ɗanjuma na unguwar Kiristoci, wanda ya biyo mu, shi ya rufe masa ido ya yi masa addu'a irin tasu.

A cikin kayan da aka ciro daga wuta akwai kwalin magunguna da Bulus ya ɗauro wa gari, da turmin atamfa da ya saya wa Inna, uwar abokinsa da bai taɓa gani ba. Gefe ɗaya ya ƙone. Inna ta yanke ƙunar ta kalmashe bakin da hannunta. Da shi take lulluɓa yanzu a kan gadon jinya, ta hana a canza mata.

Kashegari ka tsaya a ƙofar mai gari da hannu a naɗe, ka tambayi wanda ya buga ƙarfen. Dattawa suka dubi ƙasa, mai gari ya ce gari ne ya buga. Sun rufa mani asiri, don suna tsoron hukuma kuma suna bukatar kunnena. Ka juyo ka dube ni ka ce, Yaya, kai ma ba ka sani ba? Na girgiza kai. Sifanar tana cikin aljihun wandona a lokacin, tana taɓa cinyata. Ka ce tunda gari ne ya buga, kai da garin har abada. Ka hau ka tafi da hannu ɗaya da rabi.

Na yi maka ƙarya, ƙanena. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na riga na rasa Baba saboda ban buga ba, na kasa jure in rasa ka saboda na buga. Ga shi kuma na rasa ka ɗin, har na haɗa da Inna a cikin asarar.

Makon jiya na zauna a bakin gadonta na gaya mata duka. Na zaci za ta tsine mani. Sai ta ce ai ta sani tun ranar, wa ke da hannun da zai yi wa ƙarfe irin wannan dukan in ba ɗanta ba. Ta ce in rubuta maka. Ta ce mutum ba ya gama fushi da gari guda, don gari ba shi da fuskar da za a mara, amma ɗan'uwa ana fushi da shi a gama. Ta ce in ba ka fuskata.

Tau ga ta nan, Rabe. Ka zo ka mare ta. Ka zage ni a gaban 'ya'yana, ka kai ni gaban hukuma in kana so, na rubuta da hannuna a inda duniya za ta gani, ba zan janye ba. Ban ce ka yafe mani jinin Bulus ba, wannan ba naka ba ne balle ka bayar. Abin da nake roƙo, ka gaya mani inda mahaifiyarsa take a Kaduna, in je in durƙusa in gaya mata ni ne. Abin da ta ga dama ta yi da ni.

Ka san yadda Inna take ganinka yanzu? Idonta ya yi yana, ba ta ganin hoto. Ni nake hawa dutse inda ake samun layi, in sauke bidiyoyinka, in kawo mata. Ba ruwanta da duwatsun Maroko ko gadojin da kake nunawa. Kara wayar take a kunne ta ji injin. In ka sa kiɗa a kai sai ta yi tsaki ta ce yaron nan ya ɓata mata. Don Allah ka bar sa kiɗan.

Ni ma ina ji. Shekara huɗu ina sauraren mashin ɗinka kullum, na haddace shi kamar Fatiha. Na san ka canza salansa bara waccan. Na san da yatsun da suka rage maka kake murza totur, don akwai 'yar tsayawa kafin ya ɗauka, wadda da ba ta nan. Kuma in gaya maka, sarƙarka ta saki tun kana Dakar, ko wane ne yake duba maka mashin can ba bakanike ba ne.

Ban tsaya nan ba. Na bi duk mai kwanciya a bayan ramin nan ɗaya bayan ɗaya, na kunna masa, na ce ya rufe ido ya ji. Na kunna a majalisa, na kunna wa mata a bakin rijiya. Har wasa yara suke da shi, suna dum-dum da baki suna cewa ga Kawu Rabe nan. Ba sauran kunne a garin nan da bai san kukan mashin ɗinka ba.

Ɓarayin ba su daina zuwa ba, kuma har yau ni ke kan dutse, don ba a samu wani ba. Saboda haka ka zo da rana, ka zo kai kaɗai, ka biyo ta gabas. In ka iso Safana ka buɗe lambata ka kira. In kuma zuciyarka ba ta ba ka ka ji muryata ba, kada ka kira, ka taho kawai. Zan ji ka tun daga bayan rafi. Wannan karon zan ajiye sifanar a kan dutse in sauko in tsaya a mashiga, a gaban ramin, yadda duk abin da zai same ka sai ya fara bi ta kaina.

Kada ka kashe injin a bakin gari. Ka kawo shi har ƙofar gida ka bar shi yana yi, Inna ta ce tana so ta ji shi ba ta cikin waya ba. Ka yi sauri, Rabe, jiya cokali biyu kawai ta sha.

Allah ya jiƙan Baba da duk waɗanda suka faɗi tare da shi. Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyar Bulus, ya saka masa da alherin da ya ɗauro mana. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da ƙarar mashin abin da yara za su fito tara da murna. Allah ya tsare tayarka a kan kowace hanya, ya karkato da ita gida, ya ara wa Inna kwanakin da za ta ji ka a ƙofa. Amin.

Yayanka mai laifi, wanda ke kan dutse yana saurare,
Sada bakanike.